Hukuncin Da Ba Alƙali Ne Ya Yanke Ba

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan uwa Musulmi, akwai wani zalunci da ya zama ruwan dare a tsakaninmu har mun daina ganinsa zalunci. Mutum zai aikata laifi, alƙali ya ɗaure shi shekara biyu ko uku a Kurmawa ko Goron Dutse, ya gama wa'adinsa ya fito, sai mu kuma mu ɗora masa wani hukunci wanda ba shi da ranar ƙarewa, wato hana shi hanyar cin abinci. Idan ya cika takardar neman aiki ya faɗi gaskiya cewa an taɓa ɗaure shi, a nan maganar ta ƙare. Idan ya je kasuwa neman yaron shago sai a ce ya kawo mai tsaya masa, alhali dangi ma sun juya masa baya.

Musulunci bai koya mana haka ba. A shekara ta 8 bayan Hijira, lokacin buɗe Makka, wata mata daga Banu Makhzum ta yi sata, Manzon Allah (SAW) ya ƙi karɓar ceto a kanta, aka tsayar mata da haddi. Amma Nana A'isha (RA) ta ba da labarin cewa matar ta kyautata tubanta, ta yi aure, kuma takan zo da buƙatunta a isar wa Annabi. Hukunci ya tabbata, ƙofar al'umma kuma ba a rufe mata ba.

Ko dokar ƙasa ma ta san laifi yana da iyaka. Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya hana wanda aka ɗaure bisa laifin rashin gaskiya tsayawa takarar shugaban ƙasa, amma tsawon shekara 10 kawai. To, ina dalilin da mai neman direba ko mai gadi zai haramta wa mutum aiki har ya mutu? A shekarar 2019 an canza sunan hukumar gidajen yari zuwa ta gidajen gyaran hali, kuma ana koya wa fursunoni kafinta da ɗinki da walda, wasu har suna karatun digiri a Buɗaɗɗiyar Jami'ar Nijeriya. Wannan ƙoƙari duk a banza yake matuƙar babu mai karɓarsu a waje. Kada mu manta kuma, fiye da rabin mazauna gidajen nan jiran shari'a suke yi, ba a tabbatar masu da laifi ba, amma idan sun fito tambari ɗaya muke buga masu.

Wani zai ce ai dukiyarsa amana ce, ba zai damƙa ta ga wanda aka sani da sata ba. Wannan magana gaskiya ce, kuma ba wanda ya ce a miƙa masa makullin sito ranar farko. Aminci a hankali ake gina shi. A fara ba shi aikin hannu wanda ido ke kai, a biya shi ladansa cikakke, a ƙara masa matsayi gwargwadon abin da aka gani. Wanda aka toshe wa halal alhali yana da iyali, tsofaffin abokansa na nan suna jira, kuma gidanmu za su fara haurawa.

Saboda haka muna kira ga kwamitocin masallatai su riƙa tsaya wa waɗanda suka ga alamar tuba a tare da su, masu sana'a su karɓe su koyo, masu zakka kuma su ware wa matalautansu jari. Shi kuma wanda ya fito, ya faɗi gaskiya idan an tambaye shi, ya yi haƙuri da ƙaramin aiki, ya mayar da haƙƙin mutane iyakar ikonsa. Hausawa sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Allah Ya karɓi tubanmu, Ya rufa mana asiri duniya da lahira, amin.