Mu Girmama Iyayenmu Mata Tun Suna da Rai

Babu ikilisiyar da shekara za ta wuce ba ta raka wata tsohuwa kabari ba. Mukan ji ana cewa Mama ta yi barci cikin Ubangiji, ta bar 'ya'ya da jikoki da tattaɓa-kunne. Sai a ɗinka anko, a kafa rumfa, a buga takarda mai hoto, a karanta tarihinta cikin minti biyar. Ra'ayinmu shi ne wannan hidima ta yi tsada, ta kuma zo a makare.

Bari mu tuna ko su wane ne muke binnewa. Bishara ba ta daɗe a ƙasarmu ba. Mishan na SIM ya sauka a 1893, na SUM ya kafa zango a Wase a 1904, 'yan Brethren suka fara sujada a Garkida a 1923, cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa kuma ya fito a 1932. Saboda haka tsohuwa mai shekara 80 ko 90 a cikinmu, sau da yawa ita ce ta fara ba da gaskiya a gidansu, ko kuwa 'yar wanda ya fara ce. Waɗansu dangi sun ƙi su saboda baftisma. Waɗansu sun koyi karatu da goyo a baya domin su iya buɗe Littafin Waƙoƙi da kansu. A ƙauyukan da masu bi ba su cika gida goma ba, matan zumunta ne suka yaɓe majami'a, suka ciyar da mai bishara da hatsin rumbunsu. Manzo Bulus ya san irin wannan gado, shi ya sa a 2 Timoti 1:5 ya danganta bangaskiyar Timoti ga kakarsa Loyis da mahaifiyarsa Afiniki.

To, yaya ake sāka musu? A gidaje da yawa Mama tana ƙauye da hawan jini ko ciwon ido, babu mai aiko kuɗin magani. Ranar da ta cika kuwa, sai a ajiye gawa a mutuware wata biyu ana jiran kowa ya shirya. A ɗauki hayar mota, a sayi akwati mai ƙyalli, a yanka sa, a ci bashin da zai hana jikokinta komawa makaranta. Maƙwabtanmu Musulmi sukan binne nasu a ranar, ba su kuwa ƙaunaci iyayensu ƙasa da mu ba. Suna kallonmu, wannan ma shaida ce.

Wani zai ce, ai girmamawa ce ta ƙarshe, kuma 'ya'ya na nesa suna bukatar lokaci su iso. Gaskiya ne, ba mu ce a binne Mama a ɓoye ba. A jira su kwana kaɗan, a yi sujada mai kyau, a raira waƙoƙin da take so. Amma 1 Timoti 5:4 ya ɗora wa 'ya'ya da jikoki nauyin rama alheri ga gwauruwa tun tana raye. Ubangijinmu ma yana kan gicciye ya danƙa mahaifiyarsa a hannun almajirin da yake ƙauna, kamar yadda Yahaya sura 19 ta nuna. Abin da ya tanada mata shi ne gida da mai kula da ita.

Muna ba da shawara uku. Na ɗaya, kowane iyali su yanka abin da za su riƙa aika wa tsohuwarsu duk wata, su kuma je da ƙafarsu, gama waya ba ta maye gurbin zama a tabarma ɗaya. Na biyu, matasa su zauna da kakanninsu su ɗauki muryarsu, su rubuta: wa ya yi musu wa'azi, a wane rafi aka yi musu baftisma, me suka sha domin sunan Yesu. Ikilisiya ta adana wannan, domin yawancinsa ba ya cikin littattafan da muka karanta a makarantar tauhidi. Na uku, dattawa su tsai da ƙa'idar jana'iza mai sauƙi, yadda talaka ba zai ji kunya ba. Mai hali da yake son a tuna da mahaifiyarsa, ya biya wa marainiya kuɗin makaranta da sunanta.

A Ayyukan Manzanni sura 9, da Dokas ta mutu a Yafa, gwauraye suka tsaya suna kuka suna nuna rigunan da ta ɗinka. Ayyukanta ne suka yi mata shaida. Iyayenmu mata sun riga sun ɗinka nasu. Saura mu, mu gode musu tun kunnensu yana ji. Ubangiji ya ba mu zuciyar yin haka. Amin.