Macijin Da Ke Cikin Nokia

Ranar Asabar ina gyara durowar babanmu sai na tsinci tsohuwar wayarsa, Nokia 3310. Da na sa ta a caji, abin mamaki, sai ta kawo haske. Nan take na faɗa wasan Snake, macijin nan da ke ƙara tsawo in ya ci abinci, in ya ciji jikinsa kuwa wasa ya ƙare.

Wayar ta fito a 2000, shekara guda kafin layukan GSM su fara aiki a Najeriya. Fuskarta ba kala, ɗigo 84 ne a kwance, 48 a tsaye. Amma da ni da 'yan'uwana har faɗa muke yi a kanta bayan Isha'i.

Wani injiniya ɗan Finland, Taneli Armanto, shi ya fara rubuta wa Nokia wasan a 1997. Kwamfutar makarantarku ta fi wannan waya ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma manhajar Scratch kyauta ce. Ku ƙera naku macijin a hutun nan, ku rubuto mana yadda kuka ƙare.