Yaro ya ci bak, lissafi ya koma kan uba

Kowace shekara, idan damina ta kankama aka bayyana sakamakon jarrabawar bak, gidaje da yawa daga Tawa har Damagaram sukan cika da guɗa. Murnar tana da dalili, domin a mafi yawan shekaru waɗanda suka faɗi sun fi waɗanda suka ci yawa nesa ba kusa ba. Amma tun ba a gama rabon goron barka ba, maigida ya riga ya shiga wani lissafi wanda ba ya faɗa wa kowa: kuɗin mota, kuɗin rajista, katifa, ɗaki, abinci, takardun da za a yi ta bugawa. Lissafin duka ya rataya a kan tambaya uku. Yaron zai sami kuɗin tallafin karatu, wato bursu? In ya samu, nawa ne? Kuma yaushe zai shigo hannunsa?

An daɗe ana gardama a kan tambaya ta biyu. Ta uku ce ke karya magidanta, ita ce kuma aka fi yin shiru a kanta.

Uwaye da yawa har yanzu suna kallon bursu da idon wani zamani da ya wuce. Lokacin da aka buɗe cibiyar karatu mai zurfi ta Yamai a 1971, wadda ta zama jami'a a 1973, ɗalibai kaɗan ne, kuma ba da jimawa ba kuɗin uraniyom ya fara shigowa baitulmali. Gwamnati ce ke zaɓa wa yaro fannin da zai karanta, ta ciyar da shi, ta ba shi ɗaki, ta biya shi, in ya gama ta ɗauke shi aiki. Ɗan manomi ya zama likita ko alƙali ba tare da ubansa ya sayar da ko akuya ba, wani ma daga bursunsa yake aika wa gida kuɗin hatsi. Wannan tsari ya fara tangaɗi tun farkon shekarun 1980, da farashin uraniyom ya faɗi, Asusun Lamuni na Duniya da Bankin Duniya suka shigo da sharuɗɗan tsuke bakin aljihu. Ɗaya daga cikin hujjojinsu shi ne cewa abin da ake kashewa a kan ɗalibin jami'a guda zai ɗauki nauyin yara masu yawa a firamare. Hujjar ba ƙarya ba ce, sai dai ba ta faɗi inda malaman firamaren za su fito ba.

A kan irin waɗannan matakai ne ɗalibai suka fito ranar 9 ga Fabrairu 1990, zamanin Janar Ali Shaibu, aka buɗe musu wuta a Gadar Kenedi, aka kashe uku bisa ƙidayar hukuma. Jininsu na cikin abin da ya share hanyar Taron Ƙasa na 1991, inda ƙungiyar ɗalibai ta USN ta zauna daidai da gwamnati da jam'iyyu. An sami ƴancin magana, amma baitulmali bai cika ba. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, ma'aikata suka yi ta bin bashin albashi na watanni, shekarun karatu suka yi ta lalacewa, ɗaukar aiki kai tsaye ya zama labari. Shekara 27 bayan Gadar Kenedi, ranar 10 ga Afrilu 2017, wani ɗalibi ya sake rasa ransa a harabar Jami'ar Abdu Mumuni, kuma bashin bursu na cikin abubuwan da suka fito da ɗalibai a ranar.

Wanda ke jiran a koma zamanin Kunce yana ɓata wa kansa lokaci. Ƙidayar 1988 ta sami mutum miliyan 7 da ɗoriya a Nijar, ta 2012 ta sami miliyan 17, kusan rabinsu ba su kai shekara 15 ba. An buɗe jami'o'in Maraɗi da Damagaram da Tawa a 2010, aka ƙara na Agadas da Difa da Doso da Tilaberi a 2014. Wannan ya rage wa uwaye wahala ƙwarai, domin yaron da ke karatu a garinsu yana cin tuwon gida, ba sai ya yi tafiyar kilomita kusan 900 daga Damagaram zuwa Yamai ba. Amma kowace sabuwar jami'a sabon layi ce a ƙofar hukumar ANAB mai raba bursu. Babu gwamnatin da za ta iya ɗaukar kowa, ta soja ce ko ta farar hula, kuma ɗan siyasar da ya yi alkawarin haka ya san ba zai cika ba tun yana faɗi.

To, in ba za a iya ba kowa ba, aƙalla ana iya faɗa wa kowa gaskiya da wuri. Nan ne hukuma ke da laifin da talauci ba zai wanke ta daga gare shi ba. Ɗan kasuwa ya san bambancin riba ƙarama mai tabbas da riba babba wadda ba a san ranar zuwanta ba. Ta farko ake gina kasuwanci a kanta. Ɗalibin da aka rubuta sunansa cikin masu bursu, amma kuɗin wata uku ya makara da wasu watannin, ba ya daina cin abinci kafin a biya shi. Bashi yake ci wurin mai shago da mai ɗaki da abokai, ranar da kuɗin ya fito kuwa hannunsa kawai yake bi ya wuce. Uban da aka ce masa ɗansa ya sami bursu ya riga ya karkata kuɗinsa ga ƙannen yaron, sai ga waya daga Harobanda a tsakiyar wata. Ma'aikaci sai ya nufi banki neman bashi a kan albashin da bai zo ba. Manomi kuwa sai ya fitar da hatsi ko wake lokacin kaka, daidai lokacin da tiya ta fi arha, ya dawo ya sayi irinsa da tsada in bazara ta yi. Jinkirin baitulmali ba ya tsayawa a Yamai. A rumbun wani talaka yake ƙarewa.

Ga kuma wani asarar da ba ta cikin kasafin kowa. A tsarin da ake bi yanzu, digirin farko shekara 3 ne a takarda. Yajin aikin malamai, yajin ɗalibai da ƙarancin ɗakunan karatu sun sha sa shekarar karatu guda ta hau kan wata, har shekara 3 ta koma 4 ko 5. Uba ya yi shirin ciyarwa na wata 36, ya wayi gari yana biyan na 50, ba don ɗansa ya faɗi jarrabawa ba.

Sai batun wanda ake ba. Ma'aunin da aka fi dogara da shi shi ne maki da shekarun haihuwa. A ido adalci ne, domin lamba ba ta san ɗan wane ba. Amma wane ne ke cin bak da ƙuruciya da maki mai yawa? Galibi yaron birni ne, wanda ya shiga lakwal da wuri, ya yi makarantar kuɗi, ana ɗauko masa malami a gida da yamma. Yaron ƙauye da ya shiga aji yana da shekara 8 ko 9, ya yi karatu a rumfar kara wadda ake tashi daga cikinta da ruwan farko, ya zauna gidan mariƙi a gari yana ɗebo ruwa kafin ya tafi kwaleji, shi ne ke isowa a makare da maki tsaka-tsaki. Sai a ba wanda ubansa zai iya, a bar wanda ba shi da kowa da ɗan taimakon da ba ya kai shi ko'ina. Ƴan mata abin ya fi muni a kansu: in kuɗi ya gaza a gida mai ɗalibi biyu, kowa ya san wadda ake ce wa ta haƙura.

Masu kare wannan tsari suna cewa ba a iya auna ƙarfin uwaye a ƙasar da yawancin mutane ba su da takardar albashi, kuma in aka gwada, ɗan babban alhaji zai zo da takardar shaidar talauci, ƙaramin ma'aikaci kuwa, da yake albashinsa a rubuce yake, shi za a hana. Wannan tsoro gaskiya ne, ma'aikata sun ɗanɗana irinsa wajen haraji. Amma akwai shaidun da ba a sayensu a ofishin magajin gari. Makarantar da yaro ya yi firamare da kwaleji a rubuce take cikin takardunsa; ta gwamnati ce ko ta kuɗi, a ƙauye take ko a birni, maraya ne ko mai uwaye, duk an sani. A ware wani kaso na bursu a kan waɗannan, a buga sharuɗɗan kafin a zauna jarrabawa, a liƙa sunaye a fili. Sa'an nan a yanka adadin daidai da abin da baitulmali zai iya biya ranar da aka ce, ko da adadin zai ragu. Shugabannin ɗalibai ba za su so jin wannan ba, amma suna cikin jerin masu bursu ba ya sayen ko tikitin abinci guda.

Maƙwabta sun gwada hanyar rance. Burkina Faso ta kafa asusun FONER tun 1994, yana ba ɗalibai taimako da bashi. Nijeriya ta buɗe nata asusun, NELFUND, a 2024, bashi marar ruwa wanda ba a fara biya sai shekara 2 bayan hidimar ƙasa. Rashin ruwan yana da muhimmanci a nan, domin uba Musulmi da yawa zai gwammace ɗansa ya zauna gida da ya fara rayuwa da riba a wuya. Sai dai rance yana tafiya ne inda ake samun aiki bayan karatu. A ƙasar da mai digiri ke gama hidimar ƙasa ya koma koyarwa da kwantiragi, ko ya hau kabu-kabu, bashin zai zama ko dai ƙangi ga yaro ko kuma kyauta da aka sauya wa suna. In za a yi, a fara da fannonin da aikinsu ke jira, kamar likitanci da aikin ma'adinai da man fetur, a ga yadda biyan zai kasance.

Kafin hukuma ta gyara nata, uba ba shi da zaɓi sai ya ɗauki bursu a matsayin ƙari, in ta zo madalla. Tun ran gini tun ran zane. Daga shiga kwaleji zuwa bak shekara 7 ne, wata 84. Wanda ya iya ajiye jikka 5 kowane wata zai tarar da jikka 420 ranar da sakamako ya fito, wato kusan jikka 12 a wata har tsawon shekara 3. Ba ta isa ba, amma ita ce tsakanin yaron da ya jure jinkirin wata huɗu da wanda ya tattara kayansa ya dawo. Gaskiya ne jikka 5 ba wasa ba ce a ƙasar da mafi ƙarancin albashi ya taɓa yin sama da shekara goma yana kan sefa 30,047, ga tsadar da ta biyo bayan takunkumin 2023. Amma mata sun daɗe suna haɗa kayan ɗakin ƴaƴansu da adashe da kiwon tumaki tun yarinya tana goye, ba wanda ya ce musu abin ya fi ƙarfinsu. Abin da ake yi wa gado da kwanoni ana iya yi wa digiri. Wanda kuma ya yanke shawarar kai ɗansa makarantar kuɗi, daga cikin waɗanda suka cika Yamai, ya tambayi takardar izinin gwamnati da amincewar hukumar CAMES kafin ya biya kashin farko. An sha sayar da fili a sayi takardar da ba ta buɗe ƙofar kowane ofis.

Saura alhazai. Babu mai musun alherin ƴan kasuwar Maraɗi da Damagaram da Ƙonni: masallatai, rijiyoyi, buhunan azumi, kujerun Makka. Amma masallaci na biyar a unguwa guda, alhali ɗalibai na kwana takwas a ɗakin mutum biyu, abin a sake dubawa ne, kuma malamai sun fi kowa sanin cewa ilimi mai amfani na cikin sadakar da ladanta ba ya yankewa. Ƙasar tana da doka a kan waƙafi da hukuma mai kula da shi. Gida mai ɗaki ashirin kusa da Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, a keɓe shi ga ƴan matan da suka fito daga Dakwaro da Mayahi da Tasawa, bai kai kuɗin tirela guda ba. Shaguna biyar a bakin kasuwa, a tsayar da hayarsu ga abincin ɗalibai goma, suna iya yin shekara hamsin suna aiki bayan mai su ya kwanta dama. Ƙungiyoyin ƴan asalin gari da ke Yamai, waɗanda ke tara kuɗi cikin kwana biyu in an yi rasuwa ko naɗin sarauta, suna da jerin sunayen yaran garinsu da suka ci bak bana. Shugaban lise zai ba su shi in sun tambaya.