Batirin Caji A Gida: Ku Kula Da Shi Kamar Magani



Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, jama'a suka karkata ga abin da ake caji. A Maiduguri motocin haya masu lantarki sun riga sun hau titi. Mu nan Gamawa da Azare, batirin sola ne ya fi shiga gidaje da shaguna, babur mai caji kuma ya fara jan hankalin matasa. To, ku ɗauki batir tamkar magani: yana da amfani, zafi na lalata shi, kuma ba a barin sa inda hannun yaro zai kai.

Mu fara da batirin litiyam, wanda galibi shi ne a mota da babur masu caji. Babban makiyinsa zafi ne, kun kuwa san yadda bazararmu ke haura digiri 40. Maigida, idan ka dawo daga hanya kada ka jona nan take. Bar shi ya huce a inuwa kamar rabin awa. Yi amfani da cajar da ya zo da ita, ba ta aro ba. Kada ka bari ya mutu murus. Ka jona shi tun yana wajen kashi 20 cikin 100. Kuma kada a yi caji a zaure cikin dare, domin a yawancin gidajenmu ita ce ƙofa ɗaya tilo. Idan wuta ta tashi a nan, ta ina iyali za su fita?

Idan ya ƙi ɗaukar caji, duba soket, da waya, da fis, da ƙarfin wutar da ke shigowa. Sau da yawa matsalar a nan take. Amma idan batirin ya kumbura, ko yana wari, ko zafinsa ya hana a taɓa shi, a cire wuta, a nisanta yara, a kira ƙwararre. Kada a buɗe shi a gida.

Na biyu shi ne batirin dalma mai ruwan asid, irin na sola da motar fetur. Lokacin caji yana fitar da iskar haidurojin mai kamawa da wuta, don haka ba ɗakin kwana ne wurinsa ba, ba kuma kusa da murhu ba. A sa shi inda iska ke ratsawa. Idan mai murfi ne kuma ruwansa ya ragu, tataccen ruwan nan da ake kira distil kaɗai ake ƙarawa, ba ruwan rijiya ko fiya wata ba. Farin garin da ke taruwa a kawunansa yana rage caji. A goge shi da safar hannu bayan an cire wuta.

Uwargida, idan ruwan batir ya fantsama a ido ko fata, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta aƙalla minti 20, sannan a wuce asibiti. Idan yaro ya sha, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja. Amai zai sake ƙona maƙogwaron ne. A garzaya da shi asibiti.

Sai batun mataccen batir. A Thiaroye da ke gefen Dakar a Senegal, yara 18 suka rasu tsakanin 2007 da 2008 saboda fasa tsofaffin batura a unguwarsu don ciro dalma. Mu ma ba mu manta da Zamfara ba, inda gubar dalma daga duwatsun zinare ta kashe ɗaruruwan yara a 2010. Dalma kan jawo ciwon ciki, ƙarancin jini, jijjiga da dakushewar ƙwaƙwalwa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu adadinta da aka san ba ya cutarwa. Kada a fasa batir a tsakar gida, kada a mai da kwankonsa mazubin ruwa ko abincin kaji. A mayar wa mai sayarwa yadda yake a rufe.

Yau ɗin nan, ku leƙa inda batirin gidanku yake. Idan kusa da shimfiɗar yara ne, ku canza masa wuri kafin dare.

Allah Ya tsare mu da iyalanmu. Sai mako mai zuwa.