Suturar Mai Nutso a Ruwan Ƙasashen Zafi

Duk wanda ya san ƙasar Gobir ya san mutanen Sabon Birni da Isa ba baƙin ruwa ba ne. Gulbin Bunsuru da na Gagare da wanda ya gangaro daga Maraɗi duka a nan yankin suke haɗuwa su zama Gulbin Rima, wanda aka tare da madatsar Goronyo. Tun kaka da kakanni akwai Sarkawa da 'yan su masu nutsewa da gora da homa, kuma su ne ake nema idan jirgi ya kife, kamar yadda aka gani a watan Agusta na 2025 sa'ad da jirgin 'yan kasuwa ya kife a hanyar Goronyo. Yanzu kuwa ga wani sabon nutso, na goya tukunyar iska a baya. 'Ya'yanmu suna koyonsa don aikin tashar jiragen ruwa ta Ikko da rijiyoyin mai na teku, attajiranmu kuma suna gwada shi a Bahar Maliya idan sun sauka Jidda. To, da wace sutura Musulmi zai shiga?

Kada mai karatu ya ce wannan ba maganar shafin addini ba ce. Alƙur'ani mai girma ya ambaci masu yi wa Annabi Sulaimanu nutso a Suratu Sad, ya kuma lissafa kayan adon da ake fitarwa daga teku cikin ni'imomin Allah a Suratun Nahli. Sana'ar halal ce. Abin dubawa shi ne tufa.

Rigunan nutso na ruwan ɗumi iri biyu ne. Ta farko ta roba ce mai kama da soso, wadda ake kira niyofirin. Wani masani Ba'amurke, Hugh Bradner, shi ya ƙago ta a 1952. Ba ta hana ruwa shiga. Ɗan ruwa kaɗan ne ke shiga ya kwanta tsakaninta da fata, ƙananan kumfunan iskar da ke cikin robar kuma su tsare ɗumin jiki. Kaurinta da milimita ake aunawa, kuma mai milimita 3 ita aka fi sawa a ruwan ƙasashen zafi. Ta biyu kyalle ce marar kauri mai talewa, ba ta ba da ɗumi, amma tana kare fata daga rana da kaifin duwatsun murjani da harbin wata halittar teku mai kama da farar leda. Masu nutson lu'ulu'u na Bahrain da Kuwait ma, tun kafin a san roba, sukan sa rigar auduga mai rufe jiki saboda wannan halitta.

Mutuminmu yakan yi dariya ya ce, wanda ya sha zafin bazarar Isa, wane sanyi zai ji a Bahar Maliya? A nan ake kuskure. Ruwa yana kwashe zafin jiki fiye da iska ninki ashirin da wani abu. Jikin ɗan Adam yana kan digiri 37, saboda haka ko ruwan mai digiri 28 ne, jan ɗumi yake yi a hankali, wanda ya yi nutso biyu ko uku a wuni sai ya fito yana rawar ɗari. Tambayi ɗan su da ya shiga gulbi da hunturu. A ganinmu, mai shiga sau ɗaya na ɗan lokaci kyallen ya ishe shi. Mai aikin wuni, ko siririn mutum, ya nemi ta roba. Sai dai ya sani roba tana ɗaga mutum sama, dole a ɗaura masa dalma a ƙugu gwargwadon kaurinta, kuma idan ya yi zurfi nauyin ruwa yana matse ta, ɗuminta ya ragu.

Yanzu ga inda shari'a ta shigo. A mazhabar Malikiyya al'aurar namiji daga cibiya ce zuwa gwiwa. Akwai wata gajeruwar rigar nutso da masu hayar kaya suka fi miƙa wa baƙo, mai tsayawa a tsakiyar cinya. Wannan ba ta cika sutura ba, ba ta kuma tsare gwiwa daga murjani, wato ta gaza ta fuska biyu. A nemi doguwa, mai kaiwa idon sawu da wuyan hannu.

Matsalar da ta fi wuya ita ce matsewa. Rigar roba idan ba ta kama jiki ba, ruwan sanyi zai riƙa zagayawa a ciki, amfaninta ya tafi. Malamanmu kuwa, kamar yadda yake a Mukhtasar na Shaihu Halil, sun karhanta tufar da ke siffanta al'aura. A lura, karhanci suka ce. Wadda ake hango fata ta cikinta ita ce kamar babu. Saboda haka farin kyalle marar kauri, wanda ke nuna jiki idan ya jiƙe, a guje shi, a ɗauki mai duhu. Maganin matsewa kuma mai sauƙi ne: a ɗora wando marar nauyi mai kaiwa gwiwa a bisa rigar, musamman a cikin jirgi da bakin gaɓa inda idon jama'a yake. Mata suna da rigar iyo mai rufe jiki da kai wadda Aheda Zanetti ta fitar a Ostareliya a 2004, ana iya ɗora irinta a kan ta roba.

Amma kada tsoron matsewa ya kai mutum ga shiga ruwa da jallabiya ko babbar riga. Tufa mai yalwa tana shan ruwa, ta naɗe ƙafa, ta kama ƙarfe ko saiwa a ƙasa. Tsare rai yana gaba, kuma wannan gargaɗi ya shafi fasinjan kwale-kwale a Rima kamar yadda ya shafi mai tukunyar iska. Rigar nutso kuma ba rigar ceto ba ce, kowace da aikinta.

Saura biyu a taƙaice. Takalmin roba na nutso ba huffi ba ne, domin Malikawa sun sharɗanta fata, don haka a cire a wanke ƙafa wajen alwala. Na biyu, ruwan gulbi da tafki na ƙasarmu yana ɗauke da tsargiya, wadda tsutsarta ke fitowa daga katantanwa ta huda fata. Tun da ruwa yana shiga rigar, ba ta zama kariya tabbatacciya ba. Wanda ya ga jini a fitsarinsa ya tafi asibiti. A ruwan gishiri na Jidda babu wannan cuta.