Tabo a jikin kabewa: A gano dalili kafin a ɗauki famfon feshi

A watan Oktoban 2023, a garin Half Moon Bay da ke jihar Kalifoniya ta Amurka, wani manomi mai suna Travis Gienger ya kai kabewa guda mai nauyin kilo 1,247, ya kafa tarihin duniya a lokacin. Irin wannan kabewa ana kiranta Atlantic Giant, kuma wani manomin Kanada, Howard Dill, ne ya inganta irinta. A ganiyar girmanta takan ƙara kilo 15 zuwa 20 a rana ɗaya.

Masu nomanta a bayan gida sukan bar 'ya ɗaya tak a jikin yaɗo, su yi watanni suna ɗawainiya da ita. Saboda haka ranar da suka ga launin bayanta ya sauya, hankali kan tashi, domin dokar gasa ba ta karɓar kabewar da ta ruɓe ko ta huje har ciki. Sai dai gogaggunsu ba sa gaggawar feshi. Sukan fara ne da tambaya: a ina tabon yake, kuma da tauri ne ko da laushi?

Idan fari ne a ɓangaren da ke kallon rana, galibi ƙunar rana ce, maganinta kuwa farin ƙyalle ko 'yar rumfa. Idan a ƙasa ne inda ta kwanta, rashin haske ne kawai. Sai a shimfiɗa mata yashi don kada danshi ya zauna. Zane-zane masu kaushi kamar raga a jikin wadda ta manyanta alama ce ta fata ta ƙosa. Duk waɗannan ba su buƙatar ko cokali ɗaya na magani.

Akwai kuma masu haɗari. Dabbare-dabbaren kore da rawaya tare da ƙuraje, musamman idan ganye ma ya yamutse, yana nuna cutar bairos da ƙananan ƙwari masu tsotsar ruwan ganye ke yaɗawa. Wannan ba ta da magani, feshi asarar kuɗi ne. Abin yi shi ne raba shukar da sauran. Tabo mai laushi kamar an jiƙa shi, wanda farar fumfuna ke biyo baya, yawanci daga ƙasar da ruwa ke kwanciya yake, kuma cikin kwanaki kaɗan zai iya cinye 'yar gaba ɗaya.

Hanyar rarrabewa ba ta cin ko sisi. A danna wurin a hankali da babban yatsa. A zagaye tabon da biro, a ɗauki hotonsa da waya, a dawo bayan kwana biyu. Idan bai wuce layin ba kuma yana nan da tauri, a ƙyale shi. Idan ya ƙetare layin ko ya yi laushi, lokacin neman ƙwararre ya yi.

Kabewar da ake miyar taushe da ita a ƙasar Hausa 'yar dangi ɗaya ce da waccan, kuma rana, danshi da ƙwari iri ɗaya suke yi mata lahani. Amma abin da aka saba gani shi ne manomi ya nufi shagon maganin feshi da bayanin baki, a ba shi abin da ke kan kanta. Kuɗi su tafi, tabo ya ci gaba, ragowar guba kuma ta bi amfanin gona zuwa tukunya.

Nauyin gyara bai tsaya kan manomi kaɗai ba. Wajibi ne hukumomin aikin gona na jihohi su samar da malaman gona da za a iya tura wa hoto ta waya su ba da amsa a kan lokaci, masu sayar da magani kuma su daina bayarwa ba tare da sun ga abin da ake son magancewa ba.