Raddi ga Masu Neman a Ɗora wa Jiragen 'Yan Sanda Makamai

A shekarar 2015 jihar Dakota ta Arewa a Amurka ta halatta wa 'yan sanda ɗora makamai a kan jirage marasa matuƙa, muddin makamin ba na kisa ba ne. Ɗan majalisar da ya kawo ƙudurin, Rick Becker, so ya yi a haramta kowane irin makami, amma wakilin ƙungiyar 'yan sandan jihar ya sa aka sassauta lafazin. Masu goyon bayan wannan mataki suna kafa hujja da abubuwa uku, kuma ko ɗaya bai tsaya da ƙafarsa ba.

Sun ce barkonon tsohuwa da harsashin roba da bindigar lantarki ta Taser ba sa kisa. Binciken da kamfanin dillancin labarai na Reuters ya fitar a 2017 ya ƙirga fiye da mutum 1,000 da suka mutu a Amurka bayan 'yan sanda sun yi amfani da Taser a kansu. Waɗannan fa ɗan sanda na tsaye a gabansu. To ina ga wanda ke kallon allo daga nesa, ba ya jin shessheƙar mai asma, ba ya gane cewa mutumin da zai girgiza yana bakin bene?

Hujjarsu ta biyu ita ce mafi ƙarfi, ba kuma zan raina ta ba: na'ura na kare rayukan jami'ai. Suna kawo misalin Dallas a watan Yulin 2016, inda wani ɗan bindiga ya kashe 'yan sanda 5, ya maƙale a ginin wata kwaleji, tattaunawa ta ci tura, aka tura masa mutum-mutumi ɗauke da bam. Wannan lalura ce, kuma malaman fiƙihu sun daɗe da cewa ana auna lalura da gwargwadonta. Ba a ɗaukar hukuncin dare guda a mayar da shi izinin dindindin ga kowane caji ofis. Tarihin Dakota ta Arewa kanta ya nuna yadda kayan aiki ke zamewa daga inda aka ajiye su. A 2011 shanu 6 suka ɓace suka shiga gonar wani manomi, ya ƙi mayar da su, rigima ta tashi tsakaninsa da jami'an yankin. Sai ga jirgin Predator mara matuƙi na hukumar tsaron iyaka, wanda aka saya don gadin iyakar ƙasa, yana shawagi a kan gonar don taimaka wa kame. Jirgin bai ɗauki makami ba a ranar, gaskiya ne. Amma rikicin shanu ne fa ya jawo shi.

Ta uku, wai doka za ta taka wa 'yan sanda birki. A Nuwamban 2022 majalisar birnin San Francisco ta amince, da ƙuri'a 8 da 3, 'yan sanda su iya kisa da mutum-mutumi. Bayan mako guda ta janye saboda jama'a sun yi ca. A shekarar ce kuma kamfanin Axon, mai ƙera Taser, ya sanar da shirin jirgi mai harba ta a makarantu, har sai da mutum 9 cikin 12 na kwamitinsa na ɗa'a suka ajiye aiki. A duka biyun hayaniyar mutane ce ta ja linzami, kuma hayaniya ba kullum take zuwa a kan lokaci ba.

Mu a nan ba sai an ba mu labari ba. A Disamban 2023 jirgin sojin Najeriya mara matuƙi ya jefa bam a kan masu Maulidi a Tudun Biri, jihar Kaduna, aka rasa aƙalla mutum 85, rundunar ta ce ta zaci 'yan bindiga ne. Za a ce wannan soja ne, ba ɗan sanda ba. Haka ne, kuma nan matsalar ta fi muni, domin ɗan sanda ba abokin gaba yake fuskanta ba, 'yan ƙasa ne a kasuwa da wurin zanga-zanga. Idan ya mare ka, ka ga fuskarsa, ka karanta sunan da ke ƙirjin kakinsa, kana da wanda za ka kai ƙara. Idan harbin daga sama ya zo, hukumar da ta yi harbin ita ce kaɗai ke riƙe da bidiyon da sunan wanda ya danna maɓallin.